Mai Tsaron Bayana

"Ta gaza ne, ranka ya daɗe."

Da kunnena na ji, ba wani ne ya kawo min labari ba. Ina tsaye ina haki, alli ya yi min fari fat a tafin hannu da kafaɗa, shi kuma Koci, mai horar da ni, yana gaban babban alƙali ya harɗe hannu a baya kamar ɗalibin da aka kama da laifi.

Na gaza?

Ni?

Kilo ɗari da arba'in ne a kafaɗata. Na tsuguna da shi har ƙasa, na taso, na wuce inda nauyi ya saba tsayar da ni, saura ƙiris in miƙe... sai kawai na ji nauyin ya bar jikina. Wani hannu ya kama sandar ta baya. Kafin in waiga alƙalai uku sun ɗaga jajayen tutoci.

Duk wanda ya san wasan ɗaga ƙarfe ya san dokar. Mai tsaron baya yana tsayawa daf da kai, hannuwansa a buɗe, amma ba ya taɓa sanda sai ka gaza. Da zarar ya taɓa, ɗagawarka ta tashi a banza. In kuskurensa ne, ko kayan aiki ne suka ba da matsala, alƙalai za su ba ka dama ka sake. In kuwa gazawa ka yi, to ka yi ta haƙuri. Shi ya sa babban alƙali ya kira shi ya tambaye shi dalili.

Shi kuma ya buɗe baki ya ce na gaza.

Mutumin da ya koya min dokar da bakinsa. Mutumin da saura wata biyu manyansa su zo neman aurena.

"Koci," na ce. "Kalle ni ka maimaita."

Bai kalle ni ba. Ya sunkuya yana gyara fayafan ƙarfen da ke hagu, kamar su ne suka yi masa magana.

"Je ki huta, Jaruma. Saura ɗagawa biyu."

Na yi sauran biyun, ta kwance a benci da ta ɗagowa daga ƙasa, ina yi zuciyata na tafasa. Da aka haɗa jimla, aka lissafa min nauyin da na ɗaga kafin ɗari da arba'in ɗin, kilo biyu da rabi ne tsakanina da wadda ta zo ta ɗaya. Gurbi ɗaya tak aka ware wa mata a gasar ƙasa, kuma Gimbiya ta ɗauke shi, 'yar mai ginin da zauren atisayenmu yake ciki. Mu muka laƙaba mata sunan, don direba ne yake riƙo mata jakar atisaye har bakin ƙofa.

Ta rungume ni a gaban mutane, turarenta ya cika min hanci.

"Ayya Sista, sannu! Wata shekarar sai ki ƙara ƙoƙari."

Na yi murmushi. Allah ne kaɗai ya san abin da na haɗiye.

*

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ciwon baya ne ya kai ni zauren nan. Shekara huɗu ina juya majinyata a gado, har na kai in na sunkuya ɗaure takalmi sai na dafa bango. Yayana mai walda ne. Shi ya ƙera wa Koci duk ƙarafan zauren, tun wurin yana ɗakin ajiyar tayoyi, daga turakun ɗora sanda har makullan da ake ɗaure fayafai da su don kada su zame. Ya shafa musu shuɗin fenti, yana alfahari da su kamar 'ya'yansa. Shi ya ce in je a nuna min motsa jiki, na wata ɗaya.

Wata ɗaya ya zama shekara biyu, Yaya ya yi ta cizon yatsa.

Koci ba mai yawan magana ba ne, sai an taɓo masa ƙarfe. Nan za ka nemi wurin zama. Burinsa kowace unguwa ta samu zaure, tsoho ya zo, mai jego ta zo, direba da tela su zo, kowa ya iya ɗaukar nauyin jikinsa ba tare da ya nemi taimako ba. Yana son ya ga mata a gasar ƙasa, yana son ya horar da mata masu horarwa. Ranar da ya fara cewa yana sona ma, a tsakiyar bayanin yadda ake riƙe numfashi ya sako zancen, sannan ya ci gaba da bayaninsa kamar bai ce komai ba.

Kyautar da ya fara ba ni ɗamarar fata ce ta ɗaga nauyi. Ƙawayena suka yi ta dariya, wai wasu ana ba su zobe ni an ba ni linzami. Ni kuwa ranar har da hawayena.

Yana da wata magana da ya rubuta da alli a bangon zauren: ƙarfe ba ya ƙarya.

Ashe mai ƙarfen ne yake yi.

*

Umma na shanya a tsakar gida na shigo. Kallo ɗaya ta yi min.

"An kayar da ke."

"Ba kayar da ni aka yi ba, Umma. Hana ni aka yi."

"Wa ya hana ki?"

"Koci."

Ta saki zanen da ke hannunta cikin bokiti.

"Ban faɗa miki ba, Auta? Ban faɗa miki ba? Mace, tafin hannu duk ya yi kanta kamar mai faskare! Namijin da zai tsaya yana kallo ki ɗora buhu uku a wuya, me kike zato zai yi miki in ya kai ki gidansa? Ga ɗan ƙawata likita, mutum mai sanyi, ko kofi ba zai bari ki ɗaga ba..."

"Umma, don Allah."

"Na yi shiru. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Na jira Yaya ya ɗora nasa. Shi da ya rantse ba inda zan je in ɗaga ƙarfe a gaban maza, shi da ya ce ranar gasar ƙarafansa ya zo gani ba ni ba, har aka roƙe shi ya taya ɗora fayafai don hannu ya yi ƙaranci. Yau ga dama ta samu, ya kamata ya yi min dariya har da riƙe ciki.

Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, abinci a gabansa ya huce.

"Yaya, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce?"

"Ka ce ka faɗa min."

Ya ture kwanon ya tashi.

"Ki yi haƙuri, Auta."

Na bi bayansa da kallo. Tun da nake, Yaya bai taɓa ba ni haƙuri ba, ko ranar da ya karya min keke. Abin ya tsaya min a rai, amma fushin Koci ya danne shi.

*

Kwana uku na kashe waya. A na huɗu ina cikin raba magani aka ce ina da baƙuwa. Na fito na tarar da Gimbiya a barandar asibiti, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Sista, wallahi kasa barci na yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

"Me ya kawo ki?"

"Gaskiya ce ta kawo ni. Duba nan."

Ta miƙo min wayarta. Bidiyo ne na daƙiƙa shida, direbanta ya ɗauka. Ga ni ina tasowa, bayana a miƙe, gwiwoyina daram. Ga hannun Koci ya cafko sandar.

"Kin gani? Ko makaho ya san kin tashi da shi."

"To me ya sa..."

Ta sauke murya.

"Ba na son shiga tsakani. Amma kin san babban zauren da ke saman benenmu? Mai tagogi takwas? Dadi ya daɗe yana cewa zai ba Koci, in har sunan gidanmu ya fito a gasar ƙasa."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Zauren nan na san shi. Sau nawa Koci ya tsaya a titi ya ɗaga kai yana lissafa turaku nawa zai ɗauka?

"Kuma Dadi yana yaba hankalinsa sosai," ta ƙara, tana wasa da zoben hannunta. "Sosai fa. Ni dai na ce bari in faɗa miki, kada ki ji a bakin duniya."

"Turo min bidiyon."

"Yanzu kuwa, 'yar uwa."

Ta tafi tana taku ɗaiɗai. Na san ba don Allah ta zo ba, ban kai wannan wautar ba. Amma maƙiyi ma yakan faɗi gaskiya in ta yi masa rana, kuma biri ya yi kama da mutum.

Da na tashi aiki na samu Koci a bakin ƙofar asibiti, jingine da babur ɗinsa. Ya rame. Haushi ya kama ni da na lura cewa na lura.

"Jaruma..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Jaruma ba ta gazawa."

"Zuciyata, ki saurare ni."

"Ina ji. Na gaza?"

Ya kawar da kai.

"Koci, tambaya ɗaya na yi maka. Na gaza ko ban gaza ba?"

"Ba ki gaza ba."

"To me ya sa ka taɓa?"

"Ba zan iya faɗa miki ba."

Na yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ba za ka iya ba! To bari in taya ka. Tagogi takwas. Saman bene. Dadi yana yaba hankalinka."

Ya ɗago da sauri.

"Wa ya faɗa miki wannan?"

"Ƙarya ne?"

"An yi min tayin, ba ƙarya ba ne. Amma..."

"Ya isa!"

Na zuge jakata na ciro ɗamarar. Kwana huɗu ina yawo da ita, ni kaina ban san dalili ba sai a lokacin. Na ɗora masa a kan kujerar babur.

"Ka ce wa manyanka su huta. Mutumin da ke tsaye a bayana, in ban yarda da hannunsa ba, ba zan yarda da komai nasa ba."

"Ki ba ni lokaci, don girman Allah..."

"Na ba ka shekara biyu."

Na tare mota na shiga. Sai da muka sha kwana na bari hawayen suka zubo.

*

Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau ɗari. A wurin aiki, a mota, a bakin murhu. Ina kallo ne don in ƙara wa kaina haushi, kamar mai sosa ƙurji.

Ranar hutuna ina zaune ina tsince wake, na sake kunna shi. A karon nan ban kalli hannunsa ba, fuskarsa na kalla.

Koci ya koya mana cewa mai tsaron baya ƙugun mai ɗagawa yake kallo, don nan gazawa take fara nunawa. Ko ƙofa aka buga ba ya ɗauke ido. Ya sha korar mutane daga bayan sanda saboda sun waiga.

Amma a bidiyon ba ni yake kallo ba.

Hagu yake kallo. Idonsa a zare, bakinsa a buɗe.

Me ke hagu? Gimbiya a dama take zaune, na tuna sarai, da jar rigarta. Mahaifinta ma bai zo ba. Bidiyon kuma ya yanke bakin sandar, ba a ganin fayafan.

Na ajiye tiren waken na ɗauki mayafi.

Na je zauren a lokacin da na san Koci ya tafi horar da 'yan makaranta. Mai shara ya buɗe min, na ce takalmina na zo ɗauka. Komai yana nan yadda na bar shi, warin ƙarfe da gumi, bokitin alli, rubutun bango. Na zagaya ina duba sanduna ɗaya bayan ɗaya.

Babu makulli shuɗi ko ɗaya.

Duk an sauya su da sababbi na kanti, masu sheƙi. Koci da ke cewa makullan Yaya sun fi na kanti sau goma!

"Baba, ina shuɗayen makullan nan?"

"Ai tun washegarin gasa ya kwashe su a buhu," in ji mai shara. "Ya ce kada wanda ya ƙara taɓa su."

Na kalli gefen hagu na turakun. Wa ya tsaya a hagu ranar gasa yana ɗora fayafai? Wa ya ɗaure makullin hagu da hannunsa?

Wa ya rantse ba inda zan je?

*

Shagon Yaya yana ƙarshen layin masu gyaran mota. Na same shi ya rufe fuska da gilashin walda, tartsatsi na tashi. Ban yi sallama ba. Na wuce kai tsaye wurin durom ɗin da yake zuba ɓaraguzan ƙarfe, na tura hannu.

Ga su nan, ashe nan Koci ya kawo su. Shuɗaye, an yanka kowanne gida biyu. Guda ɗaya ne kawai ba a yanka ba. Na murɗa notinsa, ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Haƙoransa sun cinye.

Injin waldar ya mutu.

"Auta..."

"Da gangan ka yi?"

"Me?"

"Ka rantse ba zan je ba. Ka tsaya a hagu. Ka ɗaura min wannan." Na ɗaga makullin. "Yaya, kilo ɗari da arba'in a wuyana! Da fayafan sun zube gefe ɗaya, sandar za ta wulwula ta karya min wuya. Don kada in je gasa za ka kashe ni?"

Ya cire gilashin. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba.

"Ni? Ni zan kashe ki? Ni da na goya ki?"

"To faɗa min!"

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya dafe kai.

"Tsohon noti na sa masa tun farko. Na ce zan sauya. Sati biyu kafin gasar na ji yana santsi, na ce gobe. Goben ba ta zo ba. Ranar ina ɗaure shi na ji bai kama sosai ba, amma mutane sun cika, alƙalai na kallo, kowa na cewa aikin wane ne... sai na ce ai zai riƙe. Girman kai, Auta. Ba wani abu ba."

Na jingina da durom ɗin.

"Kina tasowa na ga ya zame. Fayafan suka fara tafiya, faɗin yatsa biyu. Alƙalai ƙugunki suke kallo. Ni da nake kusa na daskare, ko motsi na kasa. Shi ya gani daga baya ya cafke." Ya share gumi. "Da aka kira shi, na kalle shi. Ban ce komai ba, amma ya gane roƙonsa nake. In aka ce ƙarfen da na ƙera ya kusa kashe ƙanwata, wa zai ƙara kawo min ko ƙofar kaji?"

"Shi ne kuka bar ni da sunan gazawa."

"Na yi ta zuwa bakin ƙofarki in faɗa miki. Kunya ta hana ni. Shi kuma na sa shi ya yi min alkawari."

Na kalli makullin da ke hannuna. Ɗan ƙaramin abu, bai fi kofin shayi ba.

"Mutumin nan da nake zagi," in ji Yaya, "shi ya riƙe miki rai, ya riƙe min mutunci. Ni kuwa ko ɗaya ban riƙe ba."

*

Kada ku zaci da gudu na je na faɗa wa Koci a jiki ina kuka. Ni ba haka nake ba. Na same shi shi kaɗai a zaure yana goge sanda, na ajiye makullin a kan benci, ƙarar ta cika ɗakin.

Ya kalle shi, ya kalle ni, ya sauke numfashi.

"Ya faɗa miki."

"Na gano da kaina. Kai ka koya min inda mai tsaron baya yake kallo."

"Jaruma..."

"Na gode da ka cece ni. Da gaske nake. Amma ban yafe ba."

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan.

"Hannunka bai yi laifi ba, Koci. Bakinka ne ya yi. Da ka ce makulli ne, da an ba ni dama na sake. Don Yaya kawai ka yi shiru?"

Ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa.

"A'a."

"To?"

"Gasar farko ce da ƙungiyar wasan ta yarda a yi a nan. Shekara shida ina bin su. In suka ji kayanmu sun ba da matsala, sun soke mu. Da alƙali ya tambaye ni, yayanki na gani, na kuma ga shekara shidan nan. Na ce a raina ke mai ƙarfi ce, za ki jure, wata shekarar za ki ci." Ya ajiye tsumman. "Na ɗora miki nauyin da ba naki ba, don na san za ki iya ɗauka. Wannan shi ne laifina, kuma ya fi wanda kike zargina da shi muni."

Na so ya yi gardama, don in samu abin faɗa. Gaskiya tsirara ba ta bar min wurin kamawa ba.

"Saman benen fa?"

"Tun wata ɗaya kafin gasa na ce ba na so. Tayin ya zo da sharaɗin da ba na ƙarfe ba. Na ce musu ina da wadda zan aura."

"Ba ka faɗa min ba."

"Na ji tsoron ki fasa wa yarinyar mutane hanci."

Dariya ta so ƙwace min, na danne ta da ƙyar.

"A gaban mutane ka ce na gaza," na ce. "Ban san yadda za ka yi ba. Amma ni ba zan auri mutumin da rubutun bangonsa ya fi shi gaskiya ba."

Na juya na fita. Bai kira ni ba.

*

Bayan kwana biyar Yaya ya shigo gida da rana tsaka, sanye da rigarsa ta zuwa biki.

"Daga ina haka?" in ji Umma.

"Ofishin ƙungiya. Ni da Koci muka je." Ya juyo gare ni. "Ya faɗa musu komai, ya nuna musu makullin. Ni ma na faɗi nawa."

"Me suka ce?"

"Sakamako ya riga ya tafi, ba za a sauya ba. Zauren kuma an hana shi ɗaukar gasa shekara biyu." Ya sunkuyar da kai. "Babban alƙali ya ce a faɗa miki za su rubuta cewa ba gazawa kika yi ba."

Shekara shida yana bin su. Ya je da ƙafarsa ya ƙara wa kansa biyu.

Umma ta ce, "To... ɗan ƙawata likita dai ba zai yi wannan ba."

Na tashi na ɗauko takalmina na atisaye.

"Yaya, muje."

Zauren a cike yake da masu atisayen yamma. Da na shiga kowa ya juyo. Gimbiya na gefe tana shan ruwa, ta kawar da kai. Koci na tsaye a gaban bango, ya goge rubutun nan, sai farin tabo.

"Me ya sa ka goge?"

"Ban cancanci rubuta shi ba."

"Ina ɗamarata?"

Ya buɗe akwatinsa ya ciro ta, a naɗe cikin tawul mai tsabta.

"A ɗora min ɗari da arba'in," na ce. "Yaya, kai za ka ɗaure makullan. Duka biyun."

Yaya ya ɗaure, ya gwada, ya sake gwadawa, har sai da wani ya ce, "Malam, za ka karya sandar!"

Na ɗumama jiki, na shafa alli, na ja ɗamara. Koci ya matsa gefe yana neman wanda zai tsaya min.

"Ina za ka? Koma bayana."

"Kin tabbata?"

"Sharaɗi ɗaya. Ko me ka gani, kada ka taɓa sai na ce ɗauka."

"Ko da..."

"Ko da me."

Na shiga ƙarƙashin sandar. Sati uku rabona da ƙarfe, kuma jiki magayi. Tun da na ɗago ta daga turaku na san yau ba wasa. Na ja numfashi na tsuguna.

Na taso rabi, na tsaya cak.

Nauyin ya danne ni kamar an ɗora min rufin ɗakin. Gwiwoyina suka fara rawa, idona ya yi duhu. Daƙiƙa ɗaya... biyu... Ina jin numfashinsa a bayan kunnena. Ta gefen ido ina ganin tafukansa a ƙarƙashin sandar, a buɗe, suna karkarwa fiye da ƙafafuna.

"Kama ta mana!" Yaya ya yi ihu. "Kama ta!"

Bai kama ba.

"Tashi, Jaruma," ya ce a hankali, ni kaɗai na ji. "Naki ne. Ina nan."

Na tattaro duk haushin sati ukun nan na tura shi cikin ƙasa. Sandar ta motsa. Ta ƙara motsawa. Na miƙe tsaye.

Zauren ya kaure da ihu. Aka taya ni mayar da sandar, na juyo ina haki. Koci ya zube a kan gwiwoyinsa, gumi ya jiƙa masa riga kamar shi ya ɗaga, hannuwansa har yanzu a buɗe.

Gimbiya ta zo wucewa da jakarta, yau ita ta riƙo abarta. Ta tsaya ba ta kalle ni ba.

"Ranar ma kin tashi da shi," ta ce, ta fice.

Na ɗebo alli a bokiti na miƙa masa.

"Tashi ka mayar da rubutunka."

"Kin yafe min?"

"Da ka taɓa, da ban yafe ba."

"Wallahi saura ƙiris zuciyata ta tsaya."

"Ka saba, masoyi. Zama da ni haka yake."

Na waiga wurin Yaya, wanda ke goge ido da hannun rigar bikinsa yana cewa alli ne ya shiga.

"Yaya, ka ce masa manyansa su zo."

Shekara biyu ba gasa a zaurenmu. A cikinsu aka ɗaura mana aure, na kuma fara horar da mata huɗu da safe kafin in tafi asibiti. Yanzu sun kai goma sha tara, har da Umma, wadda ta ce ciwon gwiwa ne kawai ya kawo ta, na wata ɗaya.

Duk sabuwar da ta zo, kafin in bari ta taɓa sanda, sai na tsayar da ita a bayan wata na buɗe mata tafuka. Shuɗin makullin nan yana rataye a ƙusa kusa da rubutun bango. In suka tambaye ni na mene ne, sai in nuna musu mutumin da ke can yana gyara wa wani tsoho tsayuwa, in ce su je su tambaye shi.

Kuma yana faɗa musu, tun daga farko, ba ya rage komai.